Masu Kiwon Kawa, Gwanayen Sanin Ruwa

Kowane makiyayi ya san wahalar nemo abincin dabba, amma mai kiwon kawa ko ƙwayar dusa ba ya saye. Kawa tana lafe cikin ƙwansonta, tana zuƙar ruwan teku tana tace ƙananan halittun da ke cikinsa. Babba kan tace lita 190 a yini idan ruwa ya yi mata daɗi. Gwanintar mai kiwo tana wajen sanin ruwa da lokaci, da haƙurin shekara uku zuwa huɗu kafin kaya su isa kasuwa.

Aiki mafi wuya shi ne kama iri. Da zafi ya shigo, 'ya'yan kawa, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, sukan yi mako biyu zuwa uku suna yawo a ruwa, sannan kowanne ya nemi abu mai tauri ya manne, daga nan ba ya ƙara gusawa. A Arkashon da ke gaɓar Faransa, wani magini mai suna Jean Michelet ya fito da dabara a 1865: a shafe tayil ɗin rufi da farar ƙasa haɗe da yashi kafin a jera shi a ruwa. Irin zai manne a kan shafen, don haka idan an zo ɓamɓarewa shafen ne ke ɓallewa, ƙwanson bai fashe ba. Na jinjina wa wannan tunani, domin mutumin ya hango ranar cirewa tun kafin ranar sakawa. Sai dai tayil kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda ya yi gaggawar sakawa gansakuka za ta riga iri, wanda ya makara kuma ya tarar an watse.

Daga nan sai a zuba ƙananan cikin buhunan raga, a shimfiɗa a kan teburan ƙarfe. Teku ce ke tsara lokacin aiki: idan ta janye, a shiga caɓi a juya buhu, a girgiza, a rage cunkoso, don ƙwanso ya yi zurfi maimakon ya miƙe siriri. A Maren-Oleron ta Faransa ana ƙarasa renon a tafkunan laka marasa zurfi, inda wata 'yar mitsitsiyar gansakuka kan mayar da gefen naman kore, masu saye kuwa suna biyan kuɗi da yawa a kan wannan launin.

Nau'in da ya mamaye duniya yau shi ne kawar tekun Fasifik, kuma Sin ce ke kiwon mafi yawan kawar da ake ci. A Hiroshima ta Japan ana huda ƙwansunan wata halittar ruwa a jera a waya, a rataye ƙarƙashin gadon gora mai shawagi don kawa ta girma a kansu. Faransa ma da kawar Fasifik ta farfaɗo, bayan cuta ta shafe kawar Fotugal da suke kiwo a farkon shekarun 1970. Daga Japan da Kanada aka kawo sabon iri. Da igiyar tsunami ta rushe gonakin Miyagi ta Japan a 2011, masu kiwon Faransa suka aika kayan aiki don rama alheri.

A Gambiya, matan ƙungiyar TRY, wadda aka kafa a 2007, suna shiga fadamar Tanbi da kwalekwale suna ɓamɓare kawa daga saiwoyin itatuwan bakin teku ba tare da sare saiwar ba. Su da kansu suka yarda a rufe fadamar wata takwas, a ɗiba daga Maris zuwa Yuni kawai, don kawa ta girma. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kula da kawar wurin, kuma sun cancanta.