Aron Kari da Aron Hoto: Sharhi a kan Sake Ɗaukar Bidiyon Waƙa da Ɗalibai ke Yi

Manufar wannan takarda ita ce duba wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin ɗalibai tun da wayar hannu mai kyamara ta shiga karkara, wato su zaɓi bidiyon wata sananniyar waƙa su sake ɗaukarsa da kansu. An ga ƙarfin wannan ɗabi'a a 2020, lokacin da jama'a suka yi ta ɗaukar kansu suna taka rawar waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker. Tambayar da ta shafe mu malamai ita ce: ɗalibin da ke gari kamar Kunci, a arewacin Jihar Kano, me yake koya daga irin wannan aiki?

Da farko dai, aro ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Aliyu Namangi na Zariya ya gina Imfiraji a kan karin waƙar caji, ya zuba wa'azi a mazubin da makaɗa suka ƙera don nishaɗi. Haka kuma Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda 'yan makarantun Islamiyya na Kano suka riƙa ɗaukar muryoyin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Daga baya 'yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda Brian Larkin ya yi nazarinsu, suka bi wannan hanya. Dukkansu kari suka ara, amma kalmomin nasu ne.

A nan ne wahalar take, a nan ne kuma ilmin yake. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali. Idan muryar da aka aro ta ja gaɓar farko ta "gari", to mazaunin mutane ya koma abin tuƙa tuwo. Idan ta hana gaɓar ƙarshe ta "kuka" sauka, itaciya ta zama zubar hawaye. Saboda haka yaron da ya zauna yana neman kalmar da za ta hau baƙuwar murya ba tare da ta karye ba, yana nazarin gaɓa mai nauyi da marar nauyi ne, ko da bai taɓa jin sunan aruli ba. Sau da yawa yakan kasa, kunne ya ji waƙar tana ɗingishi. To amma ko ɗingishin darasi ne, domin ya nuna inda harshe ya ƙi yarda.

Mai sake ɗaukar bidiyo kuwa ya tsallake wannan gaba ɗaya. Muryar ta wani ce, kiɗan na fiyano ne daga situdiyon birni, shi nasa motsa leɓe. Ba za a ce bai koyi kome ba. Yakan gane cewa hasken hantsi ya fi na tsakar rana kyau a fuska, ya koyi yanka hoto daidai da bugun kiɗa, ya kuma ɗanɗana wuyar tara mutum goma a kan aiki ɗaya. Waɗannan sana'a ce, ba a raina su. Sai dai, a ganina, bai taɓa waƙar ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hoton kansa. Masana'antar finafinan Hausa, wadda akan fara lissafinta daga Turmin Danya na 1990, ta saba da abin da 'yan cikinta ke kira wankiya, kamar yadda aka wanko Khusufi daga fim ɗin Indiya mai suna Taal. Tare da labarin aka kwaso lambu da mota da sauya tufafi a kowane baiti. Ɗalibin Kunci da ya kwaikwayi wannan, kwafin kwafi yake yi. Zai juya wa rumbu da gonar gero baya, ya tafi neman bango mai fenti. Alhali kuwa ƙasarsa, inda gona ke manne da gona, gawo da kuka na tsaye a tsakani, tana da waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na daɓe waɗanda injin niƙa da siminti ke ta kashe musu kasuwa, kuma da wuya a sami mai ɗaukarsu.

Don haka idan malami zai ba da wannan aiki a aji, ina ba da shawarar ya gindaya sharaɗi biyu. A bar ɗalibai su ari karin da suke so, amma su rubuta baitocinsu su rera da bakinsu, sannan kada kyamara ta fita daga garinsu. Wajen ba da maki, a karanta baitocin ba kiɗa tukuna, a ji ko Hausa ce tsayayya, kafin a kunna bidiyon.