Burga da Romon Baka cikin Ruwan Bagaja

Littafin Ruwan Bagaja yana cikin waɗanda suka ci gasar ƙaga labari da R. M. East ya shirya a Zariya cikin 1933, sa'ad da Malam Abubakar Imam ke koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Galibin masu karatu sukan ɗauki Alhaji Imam, watau mai ba da labarin, tamkar Gizo ne aka naɗa wa rawani. Kwatancin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai kai gindin maganar ba.

A dubi karawarsa ta farko da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Alhaji ya sauka wani gari na marasa karatu, ya ce shi malami ne, alhali ba shi da abin malanta sai baki. Da Zurƙe ya zo, shi kuwa ya yi karatu, sai aka gama su gaban jama'a. Alhaji ya yi wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a faɗa masa ko mene ne. Zurƙe ya yi ta ambaton baƙaƙen Larabci. Alhaji ya ce a'a, tsayuwar wata ce. Mutane suka duba, suka ga lalle haka wata yake, aka kori Zurƙe.

Abin lura shi ne, Alhaji bai ruɗi Zurƙe ba ko kaɗan, domin Zurƙe ya san da wanda yake yi. Waɗanda aka ruɗa su ne alƙalan gardamar. Alhaji ya janye tambaya daga fagen da ba su sani ba, ya kai ta ga abin da ko yaro ya sani, har suka ji su ma masana ne. Da wannan daɗin da ya jiyar da su ya sayi matsayinsa. Gizo yakan kama mutum ta wajen kwaɗayinsa. Alhaji ta wajen jahilcin da mai shi ba ya so a gani.

Nan ne kuma ya rabu da Abu Zaid na Muƙamar Hariri, wadda almajirai ke karantawa a zaure. Abu Zaid yakan ci dukiyar mutane da fasahar da yake da ita da gaske, Alhaji kuwa da wadda ba shi da ita.

Da yake da bakin Alhaji aka ba da labarin, mai karatu yakan tarar da kansa yana yi wa Zurƙe dariya, watau ya shiga sahun mutanen garin bai sani ba. Malamin da ke karantar da wannan wuri ya kamata ya tsai da ɗalibai, ya tambaye su wace amsa ce Zurƙe ya bayar da ba daidai ba.

Sauran gamuwarsu ba su kai wannan nauyi ba. Yawanci ramuwar gayya ce, yau wannan ya ka da wancan, gobe wancan ya rama, ba tare da an sa jama'a su yanke hukunci a kan abin da ba su sani ba.