Wa Ke Ɗebo Ruwa a Birnin Sadaukai?

In kana cikin masu sauraron littattafan yaƙi a rediyo ko YouTube, ko masu bin su kashi-kashi a Facebook da WhatsApp, to ka san ƙasar tun kafin a fara karantawa. Birni ne mai suna irin na Larabawa ko na mutanen Farisa, a wani zamani mai tsawo da ya shuɗe. Akwai azzalumin sarki da bokansa, akwai gimbiyar da sarakuna arba'in ke neman aurenta, akwai sadaukin da zai ratsa daji bakwai ya ƙwato takobin tsafi daga hannun aljani. Ranar yaƙi kuwa sai a ce an fito da dakaru dubu ɗari a kan dawakai, ƙura ta turnuƙe har rana ta dusashe. Ni ma ina jin daɗinsu, kuma ba na tare da masu cewa karanta su ɓata lokaci ne, domin marubutan nan sun sa matasa da yawa karatun Hausa ba tare da bulalar malami ba. Amma ga tambaya ɗaya da nake so ka riƙe in ka koma saurare: a wannan birni, wa ke ɗebo ruwa?

Kada ka ɗauka ba'a nake yi. Mu buga lissafi. A 1978 wani masanin tarihi, Donald Engels, ya fitar da littafi kan yadda rundunar Iskandar na Makidoniya take ci da sha a hanya. Ma'aunin da ya yi aiki da shi shi ne doki na bukatar kimanin kilo 4.5 na hatsi a rana, da wani kilo 4.5 na ciyawa, da ruwa wajen lita 30. Ninka wannan sau dubu ɗari. Hatsi kaɗai tan 450 ke nan a kullum, wato buhu 4,500 mai kilo ɗari-ɗari, lodin tirela 15 in kowace ta ɗauki tan 30. Ruwa kuma lita miliyan 3. Wannan fa na dawakai ne, mahayan ko kumallo ba su karya ba. Sannan babu tirela a ƙasar tasu, sai jaki da raƙumi, su ma daga kayan da suka ɗauko za su ci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin na dindindin da dubu 30. Kano ke nan, cibiyar kasuwanci. Sarkin littafinmu ya fitar da mahayan da suka ninka Kanon Barth sau uku da ɗoriya, amma ko rumbu ɗaya ba a nuna mana ba.

Na san amsar da za ka ba ni: ai almara ce, wanda ya yarda da aljani mai kai bakwai me zai hana shi yarda da dawakin da ba sa jin ƙishi? To, aljanin marubuci ne ya ƙirƙiro shi, shi ke da ikon kafa masa doka. Doki kuwa mun san shi. Duk wanda ya ga ɗawainiyar da ake yi da doki ɗaya kafin hawan salla, dusa da harawa da kanwa da wanka, ya san abin ba wasa ba ne. Mai karatu kan ba marubuci bashin yarda a kan abin da bai taɓa gani ba gwargwadon gaskiyar da ya tarar a kan abin da ya sani. Kuma asarar ta wuce ta lissafi. Birnin da babu mai ɗaka, babu mai ga-ruwa, babu mai koko a bakin ƙofa, in an ce maƙiya sun ƙone shi ba ka jin komai a ranka, don ba ka san kowa a cikinsa ba sai sarki.

Abin haushin shi ne muna da misali a gida. Kafin wani ya taso min, ban ce Daura ƙasar almara ce ba. Masarauta ce mai rai, Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar na kan karaga tun 2007, rijiyar Kusugu na nan cikin gari an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa su sha ruwanta. Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan Bayajidda: W.K.R. Hallam ya yi rubutu a kansa a 1966, Abdullahi Smith kuma a 1970 ya ƙalubalanci ra'ayin cewa baƙo daga gabas ne ya kawo wa Hausawa tsarin mulki. Wannan muhawararsu ce. Ni a nan labari na ɗauke shi, mai sarauniya da dodo da baƙon jarumi, wato kayan aiki iri ɗaya da na littattafan yaƙi. Duba yadda aka sarrafa su.

Macijin nan, Sarki, bai sace gimbiya ba, ba kuma zinariya yake gadi ba. Laifinsa guda ne: ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Jarumin kuwa da daddare ya iso, a gajiye, ya sauka gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa, ta ce babu. Sai ya ari guga. Ka ji fa, sadaukin da tarihin ƙasa bakwai zai rataya a wuyansa, aikinsa na farko aron guga ne a hannun tsohuwa. A wannan 'yar gajeriyar fitowa an gaya maka yadda garin yake rayuwa. A ƙasar da ake miƙa wa baƙo ruwa tun gaisuwa ba ta yi nisa ba, tsohuwa ta kalli baƙonta ta ce babu. Ba sai an ce maka gari na cikin ƙunci ba.

Yanzu mu yi wa labarin irin binciken da muka yi wa dawakai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata na sha da girki da 'yar tsafta. Gida mai mutum goma zai bukaci lita 1,400 a mako, jarka 56 ke nan mai lita 25, duk a ɗebo su rana ɗaya. Ba jarka a lokacin, sai tulu a ka da randa a gindin bango. Ke nan a wannan gari masu ginin tukwane na da kasuwa, wuyan mata da 'yan mata na shan wahala ranar Juma'a, kuma yawan randunanka shi ne arzikinka. Ruwan da ya kwana shida a randa ma wani batu ne: a lokacin zafi sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin mako guda zuwa kwana goma, akwai kuma irin da ya fi son haihuwa a cikin mazubin ruwa na gida. Duk wannan babu wanda ya rubuta shi, amma yana ƙunshe cikin dokar nan guda ta macijin.

In ka ɗaga lissafin zuwa gari sai ya fara tangal-tangal. A ce mutum dubu ne kacal. Lita 140,000 a yini ɗaya, da guga mai lita 10, jan guga sau 14,000 ke nan. Daga asuba zuwa magariba, awa 12, sai an ja sau 19 a kowane minti ba hutawa. Ko an kewaye bakin rijiyar da igiyoyi, rijiyar haƙan hannu ba ta tsatso ruwa da wannan saurin. Saboda haka ko dai mutanen na rayuwa a kan ƙasa da lita 20 nesa ba kusa ba, ko suna haɗawa da tafki da kududdufi, ko kuma Kusugu rijiya ce ta musamman da ake tsaronta da dokar al'ada. Ruwan saman Daura yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, sauran watanni sai abin da ƙasa ta adana, don haka mai riƙe da rijiya mai kyau shi ke riƙe da gari. Akwai mesa a ƙasar Hausa, tana son zama kusa da ruwa, tana iya yin watanni ba ta ci ba. Sai dai mesa ba ta san Juma'a ba. Ƙirga kwanaki aikin mutum ne, shi ya sa na fi karkata ga masu ganin macijin a matsayin alamar wani tsohon iko a kan rijiyar. (Ambaton Juma'a kansa ya nuna labarin ya ratso ta bakin masu ba da labari Musulmi kafin ya iso gare mu.) Lissafin bai rufe ba, amma ka lura labarin ya ba mu abin lissafawa: rijiya ɗaya, rana ɗaya, guga ɗaya.

Makamin ma yana da maƙeri. Kafin ya iso Daura, Bayajidda ya biya ta Gaya, maƙera suka ƙera masa wuƙa. Wuƙa ɗaya na nufin wani ya haƙo tama, wani ya sare ƙirya ya yi gawayi, wani ya zauna kan zuga-zugi har wuta ta kai zafin digiri 1,200 ko kusa. Takobin littafin yaƙi kuwa kullum a kogon aljani ake tsinto shi, bai da tarihi sai ƙyalli. Haka nan a wasu ruwayoyin, da gari ya waye Daurama ta tura Galadima ya dubo, ya hango daga nesa ya dawo, sai Kaura ya je har ya taɓa gawar macijin ya tabbatar. Da wannan ɗan abin dariya aka bayyana wa yara dalilin da ya sa Kaura ne shugaban yaƙi. Wanda ke son ganin yadda waɗannan sarautu suka yi aiki a zahiri ya nemi littafin M.G. Smith na 1978 kan Daura. Har rabon sana'a aka yi wa Hausa Bakwai: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Na ƙarshen nan ba daɗin ji, amma labarin bai ɓoye wanda ke yin aikin ƙarfi ba.

Ba wai labarin ba shi da tabo ba. Ya jera sunayen sarauniyoyi tun daga Kufuru, amma da zuwan baƙo sai mulkin mata ya ƙare, Daurama ta koma ladan jarumi. Ya kuma kira maƙwabta irin su Kabi da Zamfara da Nufe da Banza Bakwai, wanda siyasa ce tsagwaronta. Wannan ɓangaren ne kaɗai littattafan yaƙi suka gada da kyau, gimbiya kyauta, maƙwabci arne.

Kada ka zaci matsalar ta ƙarancin kuɗi ce. Wakanda, ƙasar da Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙira a 1966, ta fito a fim ɗin Black Panther na 2018 da ado na ban mamaki. Hannah Beachler da ta tsara gine-ginen ta haɗa kundi mai shafi kusan 500 kan ƙasar, ita da Ruth Carter mai tufafi duk sun ci Oscar, kuma sun cancanta. Amma ka tambayi Wakanda me ke ba ta wuta, me ke warkar da rauni, me ke tafiyar da jirgin ƙasa, amsar guda ce: ƙarfen vibranium. Takobin tsafi ne aka faɗaɗa ya zama tattalin arziki. Ɗan Nijeriyar da ya san abin da dogaro da fetur ya jawo zai so a nuna masa wa ke noma a can, da yadda ake raba kuɗin ma'adinin. Tolkien, duk da tarin dodanninsa, ya tsaya ya gaya wa mai karatu cewa rundunar Mordor daga gonakin bayi na gefen tafkin Nurnen take ci. Namu Abubakar Imam ma, a Ruwan Bagaja na 1934, abin da ya riƙe mu shekara da shekaru rikicin Alhaji Imam ne da Malam Zurƙe kan kuɗi da masauki da shari'a, fiye da aljanun da ke ƙarshen tafiya.

In da wani marubucin yaƙi zai ji tawa, ga inda zan so ya fara: Asabar ta farko bayan mutuwar macijin. Kowa ya fito da guga, gobe ma haka, jibi ma haka. Bazara ta tsaya, ruwan Kusugu ya ja baya, guga na fitowa da laka. Kasuwar masu randa ta faɗi, mutumin da a da ke tsara layin Juma'a ya rasa girmansa yana ƙunƙuni a zaure. Daurama ta tara Galadima da Kaura kan ko za a maido da ranar ɗiba, da kuma wanda zai fita ya faɗa wa talakawa bayan an gama kiɗan an 'yanta su. Angon nata na zaune a gefe, dokinsa kaɗai na shan lita 30 a rana, rabon mutum ɗaya da rabi.