Hubert Ogunde da Wasan Tafi-da-Gidanka

Hubert Ogunde yana sanye da kakin ɗan sanda lokacin da ya shirya wasansa na farko a 1944, a zauren Glover Memorial Hall da ke Legas. Wani cocin Aladura ne ya ɗauki nauyi, labarin kuma na Adamu da Hauwa'u ne. Opera ake kiran irin wannan wasa a lokacin, domin kusan duk maganar rera ta ake yi. Kafin shi, mawaƙan coci sukan tsaya ƙiƙam su rera labarin Littafi Mai Tsarki. Shi ya shigo da ganga da rawa da motsin jiki, kuma ba daga sama ya tsinto su ba: mahaifinsa fasto ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa, a garin Ososa inda aka haife shi a 1916.

An fi tunawa da shi saboda tsokanar hukuma. Wasansa Strike and Hunger ya ɗauko yajin aikin gama-gari na 1945, aka hana shi a Jos. Bread and Bullet ya taɓo harbin masu haƙar kwal na Enugu a 1949, aka hana shi a Kano. Yoruba Ronu na 1964 ya sa gwamnatin Akintola ta rufe masa Yankin Yamma gaba ɗaya, sai da sojoji suka karɓi mulki a 1966 aka buɗe masa.

Ni dai a ganina ba nan babban aikinsa yake ba. A 1946 ya ajiye aikin albashi ya ce da wasa zai ci abinci, abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka taɓin hankali. Daga nan komai ya koma lissafi: kuɗin zaure, kuɗin fosta, man mota, tuwon 'yan wasa. Babbar mota ita ce gidan wasan. A loda kaya da ganguna, yau Ibadan, jibi Kaduna, wata mai zuwa Ghana. Tsofaffin 'yan alarinjo na Yarabawa ma yawo suke yi gari-gari da dodanninsu, sai dai shi ya haɗa da tikiti da talla a jarida.

Matsalar mata ta fi ba shi wuya. Iyaye ba sa son 'yarsu ta hau dandamali, wadda ta hau kuma da ta yi aure sai miji ya hana. Ogunde ya warware ta ta hanyar da za a daɗe ana gardama a kai: ya riƙa auren 'yan wasansa. Ƙungiya ta zama gida, shi ne maigida, shi ne marubuci, shi ne jarumi, shi ne mai riƙe da jaka. Hakan ya riƙe ta fiye da shekara 40, amma ya ɗaure komai a wuyan mutum ɗaya. Ga shi yawancin maganar wasannin a ka take, ba a takarda ba, shi ya sa mai nazari yau ya fi samun waƙoƙin faifai fiye da wasannin kansu.

Da kansa ya bi kasuwa zuwa fim da Aiye, a ƙarshen shekarun 1970, motocin yawo kuma suka fara zama a garaji. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ɗin Mister Johnson ce, wanda aka ɗauka a Toro, kusa da Jos ɗin da ta taɓa hana shi wasa. Ya rasu a Landan a 1990.