Gyaran Rubutu a Jagoran Wasannin Gasa: Sharhi a kan Wata Ƙasida daga Arewacin Gana

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wata ƙasida mai shafi shida da wani ɗalibina ɗan asalin Bawku ya rubuta da Hausa, domin amfanin matasan da ke shirya gasar wasanni a zangonninsu lokacin hutun Salla. Kashi na farko na ƙasidar ya bayyana dokokin dara kamar yadda ya ji su daga bakin 'yan wasa a Salaga da Yendi da Bawku. Kashi na biyu kuwa jagora ne ga masu buga wasan bidiyo na faɗa, wato Street Fighter, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya ƙirƙiro. Kafin ƙasidar ta zo hannuna wani abokin marubucin ya riga ya tace ta, saboda haka na sami damar duba aikin mutum biyu, na marubuci da na mai gyara. Da izininsu nake kawo misalan da ke biye.

Manufar takardar ita ce a nuna wa ɗalibi cewa jagoran wasa ba ya gyaruwa da ido kaɗai. Dole ne mai gyara ya aikata abin da rubutun ya ce, ya ga ko wasan zai tafi.

2.0 Abin da Mai Gyara ya Gyara

Hausa ta daɗe a waɗannan garuruwa. Fataken goro ne suka kai ta Salaga ta ƙasar Gwanja, suna bi ta Yendi a hanyarsu daga Kano, kuma a kasuwar Bawku da ita Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi ke ciniki da juna. Hausar wannan yanki tana da siffofinta. Mafi fitowa fili ita ce ba ta cika bambanta jinsin namiji da na mace ba, don haka marubucin ya rubuta "dara ya ƙare" da "gasa ya fara". Mai gyara ya bi waɗannan duka ya mayar da su "ta". Haka kuma ya raba kalmomin da aka haɗe, kamar "zaka" da "yayi", suka koma "za ka" da "ya yi".

Wannan aiki ne mai kyau idan manufa ita ce daidaitacciyar Hausa, amma ya kamata ɗalibi ya lura cewa "dara ya ƙare" karin harshe ne, kuma babu ɗan wasan da zai faɗi gasa saboda shi. A nan mai gyara ya ƙarar da ƙarfinsa, ya bar kurakuran da ke sauya dokar wasa, har ma ya ƙara guda daga wajensa.

3.0 Kurakuran da ke Kashin Dara

Darar da ake nufi ita ce ta jera uku. Yadda aka fi bayyana ta, ana haƙa gurabe 30, layi 5 kowanne da gurbi 6, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Da farko ana kasa 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga matsawa gurbi guda gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. R. C. Bell ya kawo wannan wasa a littafinsa na 1960 a kan wasannin allo na duniya, inda ya danganta shi ga Dakarkari.

3.1 Suna da Ƙidaya

Kuskuren farko yana kan take. Hausawa da yawa suna kiran wasan zuba 'ya'ya a gurabe 12 da sunan dara, wato wanda Asante ke kira oware, mai 'ya'ya 48, inda wanda ya tara 25 ya yi nasara. A Gana kuwa wannan ne ya fi shahara. Ƙasidar ba ta faɗi wace dara take nufi ba sai a shafi na biyu. Jimla guda a farko ta isa ta kawar da wannan ruɗani.

Na biyu, a wani wuri an ce gurabe "biyar sau shida", a wani wurin kuma an ce 36. Mai gyara ya wuce su biyun domin babu harafin da ya karkace. Da ya yi lissafi zai ga cewa 'ya'ya 24 a gurabe 30 suna barin gurbi 6 na motsi, a gurabe 36 kuwa suna barin 12, kuma wannan ya isa ya sauya dabarar wasan baki ɗaya. Ko da wasu na haƙa 36 a garinsu, ƙasidar gasa dole ta tsaya a kan guda.

3.2 Ƙugiya

Dubi wannan jimla yadda marubucin ya buga ta a wayarsa:

(1) In ka jera uku ka ci da daya.

Mai gyara ya sa wa kalmar ƙarshe ƙugiya, ya bar ta tsakiya, sai aka sami (2), alhali (3) ake nufi:

(2) In ka jera uku ka ci da ɗaya.
(3) In ka jera uku ka ci ɗa ɗaya.

Jimla ta (2) maganar sakamako ce, irin ta 'yan ƙwallo, kamar an tashi wasa ke nan da ratar ɗaya. Jimla ta (3) kuwa tana nufin a cire ƙwaya guda a ci gaba. Tun da aikatau "ci" yana ɗaukar cin ɗa da cin wasa duka, bai kamata a bar shi ba tare da karɓau bayyananne ba a ko'ina cikin jagora.

Kuskuren da mai gyara ya ƙara shi ma na ƙugiya ne. Ya ga "kasa" ta yawaita a kashin wasan bidiyo da ma'anar "ƙasa", sai ya sa kwamfuta ta sauya ta a ƙasidar gaba ɗaya. Ta haka "lokacin kasa 'ya'ya" ya koma "lokacin ƙasa 'ya'ya". A nan dai dara ta ci gida.

3.3 Tsawon Wasali da Karin Sauti

Ƙa'idojin rubutun Hausa, har da waɗanda aka daidaita a taron Yamai na 1980, ba su tilasta nuna tsawon wasali ko karin sauti ba. A labari ko wasiƙa muhallin magana yakan warware matsalar. A doka kuwa ba koyaushe ba:

(4) In ka kasa sai abokinka ya yi wasa.

Idan wasalin gaɓar farko gajere ne, ma'anar ita ce in ka ajiye ɗanka sai ya ajiye nasa. Idan dogo ne, ma'anar ita ce in an toshe ka ba ka da wurin matsawa sai a tsallake ka. Karatu na biyu ya shigo da sabuwar doka, domin wani alƙalin gasa zai iya cewa wanda aka toshe ya faɗi ne. Ba a bukatar wata alama domin gyara wannan. Sai a sauya kalma, a ce "in ka ajiye ɗanka", ko kuma "in ka rasa wurin matsawa", gwargwadon abin da ake nufi.

3.4 Korewa

(5) Ba a jera uku ba lokacin kasawa.
(6) Ba a jera uku lokacin kasawa.

Ƙasidar ta zo da (5). Wannan labari ne na shuɗaɗɗen lokaci, wato an yi wasa kuma babu wanda ya jera uku. Hani yana cikin (6), mai "ba" guda mai dogon wasali. Wanda ya fi duka fitowa fili shi ne "kada a jera uku". Ita kuwa dokar da ta ce jera huɗu ba ya ba da ci, wadda yawancin bayanan dara suka kawo, ta ɓace daga ƙasidar ɗungurungum, kuma ido ba ya ganin abin da ba a rubuta ba.

3.5 Wakilin Suna

(7) In ya tare shi ya ci shi sai ya matsa.

Mutum biyu ne ke wasa, ga kuma 'ya'yan dara, duk an kira su "ya" da "shi". Tun da an saba wani ya yi wasa da tsinke wani da tsakuwa, sai a ce "mai tsinke" da "mai tsakuwa" daga farko har ƙarshe, ko da jimla za ta ɗan yi nauyi.

4.0 Kurakuran da ke Kashin Wasan Bidiyo

Wannan kashi fassara ce daga Ingilishi, kuma kurakuransa iri uku ne.

Na farko, masu wasannin faɗa suna rubuta motsin hannu da lambobi, bisa tsarin lambobin da ke gefen dama na allon buga rubutu na kwamfuta, inda 1, 2, 3 ke ƙasa, 7, 8, 9 ke sama. Ke nan 2 ƙasa ce, 6 gaba, 3 kuwa tsakanin ƙasa da gaba. Marubucin ya dubi lambobin wayar hannu, inda 1, 2, 3 ke sama, ya fassara 2 da "sama". Wanda ya bi shi zai yi tsalle a inda ya kamata ya durƙusa. A wani layin kuma an rubuta 236 a madadin 623. A hannun ɗan wasan da ake kira Ryu, 236 da naushi yana fitar da Hadoken, harbi daga nesa, 623 da naushi kuwa yana fitar da Shoryuken, naushin da ke tashi sama domin tare mai tsalle.

Na biyu, an fassara "gaba" da "dama". Wannan daidai ne muddin ɗan wasa yana gefen hagu yana fuskantar dama. Da zarar sun sauya wuri, gaba ta koma hagu. A gasa kuwa mutum guda cikin biyu a gefen dama yake farawa.

Na uku, ba a faɗi wane fitowar wasan ake nufi ba. Street Fighter II kaɗai ya fito sau biyar a gidajen wasa tsakanin 1991 da 1994, kowanne da sauye-sauyensa, ballantana Street Fighter 6 na 2023 da ake sabunta shi ta intanet. Jagoran da bai ɗauki sunan fitowa da kwanan wata ba, ba a iya tantance gaskiyarsa.

Kada ɗalibi ya ɗauka masu koyo ne kaɗai ke irin wannan. A fitowar Ingilishi ta 1991, maganar da Ryu ke yi bayan nasara ta ambaci Sheng Long a matsayin abin da sai an rinjaya kafin a yi galaba. Asalin Japananci sunan naushin Shoryuken yake nufi, sai mai fassara ya karanta haruffan da lafazin Sinanci, 'yan wasa suka ɗauka sunan mutum ne. A watan Afrilu na 1992 mujallar Electronic Gaming Monthly ta Amurka ta buga, da wasa, wasu matakai masu wuyar gaske na yadda wai za a gamu da shi. Wasu mujallu a ƙasashen waje suka kwafa ba tare da sun gwada ba, mutane suka yi ta ɓarnar kuɗi da lokaci suna neman wanda babu shi.

5.0 Hanyar Gyara

Salaga kanta tana da abin koyarwa a wannan fage. Gari ne na malamai masu kwafar littattafai da hannu. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, kuma rubuce-rubucensa na Larabci da Ajami suna cikin waɗanda Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara a shekarun 1960. A al'adar kwafar littattafan Musulunci ba a amincewa da kwafi sai an yi muƙabala, wato wani ya karanta da ƙarfi wani yana bin asali, a rubuta abin da aka tsallake a gefen shafi tare da alamar inganci.

Asalin jagoran wasa shi ne wasan kansa, don haka muƙabalarsa tana bukatar mutum uku. Ɗaya ya karanta da ƙarfi, biyu su yi abin da suka ji kawai, kuma an fi son waɗanda ba su iya wasan ba, domin gwani yakan cike giɓi daga kansa bai sani ba. Karatu da ƙarfi yana tilasta wa mai karatu ya zaɓi tsawon wasali da karin sauti, sai harshen damo irin na (4) ya bayyana. Na gwada wannan da ɗalibai uku a aji. A jeri na farko suka tashi wasa saboda (2). Da aka gyara wannan, sai ɗayansu ya jera huɗu ya nemi ci, aka duba ƙasidar aka rasa hukunci. Bayan an gama wannan mataki ne ya dace a koma ga rabin kalma da jinsi da alamomin rubutu.

6.0 Kammalawa

Ƙasidar ta cancanci yabo, domin rubutun Hausa a kan wasanni kaɗan ne, kuma marubucin ya je ya tambayi masu wasan da kansu. Sai dai takarda ce da alƙali zai ɗaga a gaban matasan da suka haɗa kuɗin kyauta daga aljihunsu, kuma duk inda ta ɗauki ma'ana biyu, a nan gardama za ta tashi. Shawarar wannan sharhi ita ce a jinkirta rarraba ta, a yi mata muƙabala a bakin gurabe da gaban talabijin, a rubuta a kanta dokar wane gari aka bi da fitowar wasan da aka gwada. Ga ɗalibai kuwa, aikin wannan mako shi ne kowa ya sake rubuta jimloli (1), (4) da (7) ta yadda ba za su karantu ta hanya biyu ba, sannan ya ba wanda bai taɓa buga dara ba ya gwada su.