Waƙar Jim Reeves Ta Wayar Tarho

A cikin waƙoƙin rabuwar masoya na Turawan Amurka, kaɗan ne suka kai wadda Jim Reeves ya rera a 1959, mai suna "He'll Have to Go", watau tilas wancan ya tafi.

Labarinta gajere ne. Saurayi ya buga wa budurwarsa waya, ya gane akwai wani namiji a wurinta. Bai zage ta ba, bai yi kuka ba. Roƙonta ya yi ta sallami wancan, in kuwa ba ta sonsa ta faɗa masa, ya ajiye waya. Reeves ya sassauta murya kamar mai raɗa, har mai sauraron faifan ya ji kunya, sai ka ce laɓe ya yi musu.

Gwanintar waƙar ita ce ba a ji amsar yarinyar ba. A 1960 Jeanne Black ta rera amsa da wannan kari, inda budurwar ta zaɓi wancan. Faifanta ya sayu ƙwarai, amma ya rage wa ta farkon armashi, gama saurayin ya fi ban tausayi sa'ad da yake riƙe da waya yana jira.