Tajassusi da Iyakar Mai Mulki: Nazari kan Littafin Glenn Greenwald

Littafin ɗan jarida Glenn Greenwald mai suna No Place to Hide, wato babu maɓoya, ya fito a 2014, shekara guda bayan Edward Snowden ya gana da shi a Hong Kong ya kuma damƙa masa takardun sirri na hukumar leƙen asirin Amurka, NSA. Kashin farko labarin wannan ganawa ne, kuma yana da daɗin karatu. Sai dai abin da ya shafi ɗalibin fiƙihu yana gaba, inda marubucin ya tunkari tambayar ko ya halatta hukuma ta bibiyi al'umma baki ɗaya da sunan tsaro.

Hujjojinsa na zahiri suna da ƙarfi. Daga cikin takardun akwai umarnin wata kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin Verizon miƙa bayanan kiran abokan hulɗarsa kullum: wa ya kira wa, yaushe, na tsawon wane lokaci. An jingina wannan ga sashe na 215 na dokar Patriot ta 2001. Haka nan ya yi kyakkyawan raddi ga masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba shi da abin tsoro, inda ya nuna cewa mutumin da ya san ana kallonsa yakan tauye harshensa da tunaninsa da kansa. Mai karatu Musulmi zai tuna hadisin Mu'awiya da Abu Dawud ya ruwaito, mai nuna cewa bin diddigin aibobin mutane ɓata su yake yi.

Raunin littafin yana wurin togaciya. Greenwald ya yarda cewa ana iya bibiyar wanda ake zargi bisa dalili, amma bai zauna ya tantance wannan dalili ba, alhali nan ne gardamar siyasa take. Babu gwamnatin da ke cewa tana leƙen asiri don sha'awa. Kowace larura take kawowa. Idan ba a shata wa larura iyaka ba, to an bar ƙofa a buɗe.

Malamanmu sun shata ta tun da daɗewa. Asali shi ne haramci, bisa aya ta 12 ta Suratul Hujurat, wadda ta haɗa hani ga tajassusi da hani ga yawan zato. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumid Din, ya sharɗanta cewa munkarin da mai hisba zai hana ya kasance bayyananne ba tare da bincike ba. Mawardi kuwa, wanda ya rasu a 450 bayan Hijira, ya kawo togaciyar a babin hisba na Al-Ahkamus Sulɗaniyya: amintaccen mutum ya ba da labari a kan wani takamaimai, kuma ɓarnar ta zama wadda in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai. A lura da jerin: labari ne ke gaba, bincike na biye. Tattara bayanan miliyoyin mutane ya juya wannan jeri, domin ana fara tarawa ne sannan a nemi wanda za a zarga. Da marubucin ya gina hujjarsa a kan irin wannan ma'auni, da ta fi tsayuwa.

Ko ta fuskar maslaha ma, sakamakon bai goyi bayan masu tarawa ba. A Janairun 2014 kwamitin gwamnatin Amurka mai sa ido kan 'yancin jama'a ya ce bai ga inda shirin sashe na 215 ya yi wani tasiri na haƙiƙa a binciken ta'addanci ba, kuma a 2015 majalisa ta taƙaita shi. Haka rundunar 'yan sandan New York ta yi shekaru tana sa ido kan masallatai da wuraren cin abincin Musulmi, har wani babban jami'inta ya shaida a 2012 cewa sashen da ke aikin bai taɓa samar da wani bayani da ya kai ga binciken ta'addanci ba. An rufe shi a 2014.

Littafin ya cancanci shiga jerin karatun darasin siyasar shari'a, a karanta shi tare da babin Mawardi. Kuma kada malami ya bar ɗalibai su ɗauka hukuncin na Amurka ne kaɗai, domin sharuɗɗan Mawardi a kan masu hisba na daular Musulunci aka fara gindaya su.